Ƙwaya a Kasuwa, Raɗaɗi a Ɗaka: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Maganin Ciwo Mai Ƙarfi?

Ƙasar da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, daga Maradun zuwa Talata Mafara har Bakura, ƙasa ce ta aikin ƙarfi. Tun da aka kammala madatsar a 1978 noma ya daina zama abin damina kaɗai a wannan yanki. Mutumin ƙauye irin Ruwan Gizo da ya gama girbin gero da dawa ba ya zama. Ko ya nufi fadama ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa, ko ya shiga dako ranar kasuwa, ko ya hau babur yana kabu-kabu. Jikin da ake mora haka shekara da shekaru dole ya koka, kukansa kuwa shi ne ciwon baya da na gwiwa da na kwankwaso waɗanda ba sa tafiya. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙwaya. Tramol ba ta da wuyar samu, mai sayarwa kuma ba ya tambayar takardar likita. Amma a wannan ƙasa ɗaya, matar da sankarar mama ta ci ƙarfinta, take kwana tana nishi a ɗaka, da wuya ta ga ɗigon mofin, alhali shi ne maganin da likitocin duniya suka yarda ya fi dacewa da halin da take ciki. A ganina waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya. Magani mai ƙarfi yana yawo a hannun wanda ba ya bibiyar mara lafiya, shi kuwa wanda ke iya bibiyar, wato asibiti, hannunsa wayam. Gyaran yana cikin tsarin da sassan kula da raɗaɗi na manyan asibitoci ke bi, tsarin da ya fi buƙatar horo da riƙon amana fiye da kuɗi.

Tramol da kodin da allurar penta da mofin duk dangi ɗaya ne. Mofin ne na farko, wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ƙaron tsiron ofiyom a farkon ƙarni na 19. Sauran kuwa, wasu daga tsiron ake samo su, wasu a masana'anta ake haɗa su. Dukkansu suna aiki ne a wasu gurabe cikin ƙwaƙwalwa da laka, inda saƙon zafi ke bi, su rage masa ƙarfi. Sai dai irin waɗannan gurabe ne kuma ke da hannu a numfashi da motsin hanji da jin daɗi, shi ya sa mai sha ke fama da taurin bayan gida da gyangyaɗi, idan kuma ya zarce ƙima numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. Tramol tana da ƙarin haɗari nata, domin yawanta na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a wuni ko ga babban mutum mai ƙoshin ƙoda da hanta. Akwai kuma abu uku da jama'a ke cakuɗawa amma likita ke rarrabewa. Jiki yana sabawa, har adadin da ya yi aiki bara ya kasa bana. Jiki yana dogara, ta yadda in an yanke maganin farat ɗaya sai zufa da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso. Waɗannan biyun suna samun kowa, ko malami ko jahili, muddin ya daɗe yana sha. Na ukun shi ne jaraba, lokacin da mutum ke neman ƙwayar ido rufe ko da yana ganin tana rusa masa gida da sana'a. Wanda bai san wannan bambanci ba zai kira kowane majinyaci ɗan ƙwaya, ko kuma ya kasa gane ɗan ƙwayar a gabansa.

Alƙaluma biyu sun isa su nuna inda muka tsaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan dangin mofin suka sha ba da izinin likita ba, galibi tramol. A ɗaya hannun, kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa abin da ke zuwa kan kowane majinyaci mai tsananin buƙata a Najeriya bai kai miligiram ɗaya na mofin ba a shekara, wato kusan kashi 0.2 cikin ɗari na abin da ake buƙata. Shan farko da ake ba mai sankara yakan kama daga miligiram biyu da rabi zuwa biyar, a maimaita bayan awa huɗu. Ke nan rabon ɗan Najeriya na shekara bai kai sha ɗaya ba, yayin da takwaransa na Amurka ke da fiye da miligiram 55,000.

To yaya sashen kula da raɗaɗi ke aiki? Abin da ya fara yi shi ne tambayar wane irin ciwo ne, domin a nan hanya ke rabuwa. Zafin karaya ko ƙuna ko tiyata na ɗan lokaci ne, ana ba shi magani mai ƙarfi na kwanaki kaɗan a janye. Zafin sankara da ta yi nisa yana da nasa tsari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tun 1986: a fara da farasitamol da makamantansa, in bai isa ba a hau zuwa irin su kodin, in ya ƙi a ba da mofin, ta baki, kan lokaci, ba sai majinyaci ya fara kururuwa ba. Ciwo mai naci kuwa, wanda likitoci ke nufi da duk zafin da ya wuce wata uku yana nan ko yana dawowa, shi ne mai wuyar sha'ani, kuma shi ne na manomi da ɗan dako. A nan shaida ta saɓa wa zaton mutane. A 2018 mujallar JAMA ta buga wani gwaji da Dakta Erin Krebs ta jagoranta a Minneapolis, inda aka raba tsofaffin sojoji 240 masu ciwon baya ko amosanin gwiwa da kwankwaso gida biyu, aka ba wasu dangin mofin, wasu magungunan da ba su ba. Bayan wata 12 masu shan dangin mofin ba su fi sauran iya tafiya da aiki ba, zafin ma ya ɗan fi sauƙi ga waɗanda ba su sha ba, illolin magani kuma sun fi yawa ga masu shan. Saboda haka sashen da ya san aikinsa ba ya fara wa mai ciwon baya da tramol. Yana duba ko akwai wata cuta a ɓoye, kamar tarin fuka na ƙashin baya, sannan ya tura shi gashin ƙashi, ya koya masa motsa jiki da yadda ake ɗaga kaya, ya duba barcinsa da damuwarsa. In zafin na jijiya ne, mai tsikari da ƙuna irin na masu ciwon suga, akwai magunguna irin su amitriptyline da suka fi dacewa. Kada kuma a ɗauka duk abin da ba dangin mofin ba ne lafiya lau ne. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis sau da yawa yana ɗauke da diclofenac, wanda yawan shansa ke huda ciki ya lalata ƙoda.

Idan an gwada waɗannan ba su wadatar ba, likita na iya yanke shawarar gwada magani mai ƙarfi, kuma gwaji ne yake ɗaukarsa tun daga ranar farko. Zai tambayi majinyaci ko ya taɓa shaye-shaye, ko akwai mai yi a gidan, ko yana shan maganin barci irin su diazepam, domin haɗa su da dangin mofin na daga cikin manyan hanyoyin da numfashi ke tsayawa. Sai su yi yarjejeniya kan abin da ake nema, wanda ba gushewar zafi ɗungurungum ba ne, abu ne da za a iya gani da ido: ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa, ta iya tsayuwa ta yi girki, ya samu barcin dare. Likita ɗaya ne zai riƙa rubutawa, wuri ɗaya za a riƙa karɓa. Ana farawa da mafi ƙarancin adadi, na kwanaki ƙididdigaggu, a sake ganin mutum cikin mako ɗaya zuwa huɗu, daga nan kuma kada a wuce wata uku ba a zauna da shi ba. Ƙa'idar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2016 ta ce likita ya sake tunani kafin ya kai kwatankwacin miligiram 50 na mofin a wuni, ya kuma guji kai 90 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A can sukan gwada fitsari, su duba rajistar kwamfuta don ganin ko mutum na karɓa a wurin wani likitan, su ba iyali naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. In wata biyu ko uku suka wuce mutum bai ƙara iya komai ba, to gwajin bai ci ba, sai a fara janyewa a hankali. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa ƙwayar ita ce ƙaramin ɓangarensa. Babban ɓangaren shi ne akwai wani mutum guda da ya san majinyacin, yake rubuta abin da ya ba shi, yake kuma jiran dawowarsa. Mai tallar magani a kasuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Amurkawa ba da sauƙi suka koyi wannan ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani magani na dangin mofin, yana gaya wa likitoci cewa haɗarin jarabarsa kaɗan ne, aka yi ta rubuta shi ga masu ciwon baya da gaɓoɓi. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600, amma wuta ta riga ta kama, har a 2021 kaɗai mutum fiye da 80,000 suka mutu ta dalilin dangin mofin, yawancinsu da fentanil na bayan fage. Rabin darasin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo bayan ƙa'idar 2016. Likitoci da yawa suka tsorata suka yanke wa daɗaɗɗun majinyata magani farat ɗaya, wasu suka koma sayen na titi, wasu suka kashe kansu. A 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a daina haka, a 2022 kuma aka sake rubuta ƙa'idar don a nuna cewa alƙaluman ba shinge ba ne da za a jefar da mutum a bayansa.

A ƙasar Hausa babu inda wannan magana ta fi zafi kamar kan masu sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta. Idan ciwon ya tashi, jini ne ke toshe ƙananan hanyoyi cikin ƙashi, zafin kuma na daga cikin mafi tsanani da ɗan Adam ya sani. Ƙa'idar likitoci ita ce a ba da magani mai ƙarfi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da isowa asibiti. Abin da aka fi samu a hannu a asibitocinmu shi ne allurar penta, saboda arha da sauƙin samu. Yaro ya girma yana sanin cewa penta ce kaɗai ke kashe masa wuta, asibiti kuma da nisa, sai wata rana a koya masa yin allurar da kansa, ko a samu mai kemis ya riƙa yi masa. Likitoci a asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha rubuta abin da ke biyo baya: gyambon da ba ya warkewa a cinya da damtse, tsoka ta taurare har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ga jaraba a kai. Daga nan sai zalunci na biyu ya shigo, domin duk matashi mai sikila da ya zo yana murƙususu yana ambaton sunan maganin da ke yi masa aiki, ana iya yi masa kallon ɗan ƙwaya a bar shi a kan benci. Mafita sananniya ce. Kowane mai sikila ya zama yana da kati da aka rubuta abin da ke yi masa aiki da adadinsa, a ba shi na baki don ƙaramin tashi a gida, babban tashi kuwa a yi shi a asibiti da mofin, kada kwalbar allura ta bi kowa gida, a kuma rage yawan tashin ciwon tun daga tushe da hydroxyurea da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da yawan shan ruwa.

Wani zai ce, a jihar da ƙwaya ke hannun matasa har da 'yan bindiga a daji, ai hankali shi ne a rufe ƙofa gaba ɗaya. Damuwarsa gaskiya ce, amma tarihin kusa bai goyi bayansa ba. A ranar 30 ga Afrilun 2018 BBC ta nuna fim ɗinta kan maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Matakin ya dace, sai dai kasuwar maye ba ta mutu ba. Hukumar NAFDAC tramol mai miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da su, amma masu 225 da 250 ne hukumar NDLEA ke ta kamawa a tashoshin jiragen ruwa. Da aka matsa wa tramol, sai ga wani haɗin tapentadol da carisoprodol daga Indiya, wanda wani binciken BBC ya bankaɗo a Fabrairun 2025 har gwamnatin Indiya ta hana yin sa. Duk waɗannan ta hannun masu fasa-ƙwauri suka shigo, ba daga akwatin asibiti ba. Tsananta wa asibiti ba ya rage ko ƙwaya ɗaya a tasha, mai sankara kawai yake hanawa barci. Yarjejeniyar duniya ta 1961 kan waɗannan magunguna, wadda Najeriya ke ciki, nauyi biyu ta ɗora wa kowace ƙasa, hana karkatar da su da kuma tabbatar da samuwarsu ga marasa lafiya. Kowace ƙasa tana aika wa wata hukumar sa ido da ke Vienna ƙiyasin abin da take buƙata a shekara. In likitoci na tsoron rubutawa, asibitoci ba za su nema ba, ƙiyasin ya fito ƙarami, badi kuma a ce babu. Shekaru da dama duk asibitin da ke son mofin sai ya aika har babban ɗakin ajiyar magunguna na tarayya da ke Oshodi a Legas. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufa kan irin waɗannan magunguna a 2017 da ƙa'idojin kula da raɗaɗi a 2018. Takardu dai akwai su, isarsu babban asibitin ƙaramar hukuma ne ya rage.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ina ƙwararrun? Mutumin Ruwan Gizo da ke buƙatar babban likita sai ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da kuɗin mota da na masauki da fargabar hanya. Amsar tana Uganda, ƙasar da ba ta fi mu wadata ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala, ta kawo dabarar dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha da ma'auni a gida. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, tana kuma ba da shi kyauta. Annobar jarabar da aka ji tsoro ba ta auku ba, domin ruwan mai rauni ne, kowace kwalba da sunan mai ita a littafi, kuma wadda ta bayar tana bin sa har gida. A nan gida ma asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen kula da masu irin wannan jinya tun 2007. Abin da babban asibiti kamar na Talata Mafara ko Bakura ko Maradun zai buƙata bai wuce likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu da mai harhaɗa magunguna da aka horar ba, da akwati mai makulli, da littafin shiga da fita da wani daga sama ke zuwa dubawa, da rana guda a mako da aka ware wa masu ciwo mai naci. Ban ce rashin tsaro ba zai kawo cikas ba. Akwai garuruwan da ma'aikatan lafiya suka ƙaurace wa, wayar da za a bibiyi majinyaci da ita ma an taɓa rufe layukanta a faɗin Zamfara a Satumbar 2021. Wannan dalili ne na a ba mai sankara maganin da zai kai shi makonni a hannun amintaccen ɗan uwa guda, ba dalilin hana shi ba.

Shi kuma ɗan ƙwadago zai ce duk wannan zance ne na mai albashi, shi in bai sha ba ba zai iya fita ba, in bai fita ba gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Ba na raina wannan magana, talauci ne ke yin ta. Amma ƙarfin tramol irin bashin hatsin bazara ne da ake biya ninki da kaka. Zafin da ta rufe gargaɗi ne cewa baya ko gwiwa na lalacewa, mai sha kuma yana ƙara musu kaya ne bai sani ba, adadin na hawa, kuɗin ƙwaya na cin kuɗin cefane. Akwai ma abin da likitoci suka tabbatar, cewa daɗewa kan dangin mofin na iya sa jiki ya ƙara jin zafi fiye da da. A ɗaya gefen akwai dattawan da ke ƙin magani suna cewa ciwo kaffara ne, sai haƙuri. Haƙuri abin yabo ne, amma malamanmu ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba, kuma tsohon da aka sassauta wa raɗaɗi shi ne ke iya yin salla cikin natsuwa, ya yi wasiyya da hankalinsa, ya gana da 'ya'yansa.

Saura waɗanda ƙwayar ta riga ta kama, kuma suna da yawa a kowane gari. Ɗaure mutum a ɗaki ko kai shi gidan mari don ya daina farat ɗaya yana jefa shi cikin azabar da ke mayar da shi ga ƙwayar da zarar ya samu hanya. Ga wanda ya shekara yana sha, likitoci kan rage kusan kashi goma cikin ɗari ne a wata, suna tsayawa in jiki ya ƙi, suna kuma maganin ciwon da ya sa aka fara tun asali. Wanda abin ya kai shi ga jaraba yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, kuma asibitin tarayya na masu wannan lalura da ke Kware kusa da Sakkwato na cikin mafi kusa da wannan yanki. Abu ɗaya da ya wajaba iyali su sani shi ne, bayan makonni da dainawa sabon da jiki ya yi yana gushewa, don haka in mutum ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi. Duk wanda aka samu yana barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa na ja da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.